Nauyin da Ke Ƙarƙashi

Kwana goma sha ɗaya famfon kicin yana yoyo,
ba ta baki ba, inda kowa zai gani,
ta ƙasa, cikin duhun kabad,
inda nake ajiye omo da tsohuwar rariya.
Ɗis. Sai shiru. Ɗis.
Da dare har kan katifa yake biyo ni.

Haladu ne ya sayo shi a Ƙofar Ruwa
shekarar da muka jawo ruwan burtsatse cikin gida,
famfo mai dogon wuya kamar zalɓe:
ka kamo kansa, ya biyo ka har gindin tukunya,
ka sake shi, ya koma mazauninsa.
Matan Majiya sun yi mako suna shigowa kallo.
Iya Tasalla ta ja, ta saki, ta ja da baya,
ta ce, "Hansatu, wannan abu da rai a cikinsa."

Yanzu Haladu yana Fatakwal wajen lodin albasa.
Ya ce a waya, "Ɗaure da roba kafin in zo."
Na yanko tsohon tiyub na keken Ilu na naɗa.
Ruwa ya yi kwana biyu yana nazari,
ya fito ta wata kafa.
Mai gyara na Ringim ya ce kuɗin mai tukuna,
kuɗin da zai sayi tiyo biyu.

Ranar kasuwar Gujungu Ilu ya dawo da sabo a leda,
baƙi, saƙaƙƙe, kamar igiyar guga ta masu hali.

Na kashe ruwa daga tanki.
Na shimfiɗa buhu, na kwanta rigingine,
kaina a kabad, ƙafafuna a tsakar kicin,
ni da ban taɓa ɗaukar sifana ba
sai don in miƙa wa wani.
Barira ta riƙe fitilar waya,
tana haska min kunne maimakon noti.

Notin ya cije.
Tsatsa da farin gishirin ruwa sun yi masa rawani.
Na ɗiga masa man gyaɗa,
na jira tsawon Fatiha uku,
sai ya yi kukan tsohuwar ƙofa, ya sakko.
Ragowar ruwan ya zubo min a wuya,
da sanyi, da ƙarnin ƙarfe.

Na zaro tsohon, ga tsagar nan,
ko tsawon farcen Barira ba ta kai ba.
Wannan ce ta ruɓar min da katako.

Na zura sabon ta wuyan zalɓe,
na ɗaure, na ƙara rabin murɗa don tsoro.
"Ilu, buɗe!"
Muka kasa kunne. Na shafa da bayan hannu.
A bushe.

Amma da na ja kan famfon na saki,
sai ya tsaya yana reto,
wuya a karye, bai san hanyar gida ba.

Barira ce ta gano shi a bayan bokiti:
dunƙulen ƙarfe kamar goriba, tsage biyu,
wanda na cire na jefar ban kula ba.
Na maƙala shi a cikin tiyon, can ƙasa.
Na ja. Na saki.
Ya koma, har da ɗan ƙas.

Ashe ba rai ba ne, Iya Tasalla.
Shekara huɗu wani nauyi yana zaune a duhu,
aikinsa kawai ya jawo abin da ya fita.

Bayan isha'i na kira Haladu.
Na ce, "An gyara."
Ya ce, "Wa ya zo?"
Na ce, "Ba kowa."
Ya yi shiru, ina jin ƙugin manyan motoci a bayansa,
sannan ya ce albasa ta kusa ƙarewa,
ya tambayi ko Barira ta ci abinci.

Daren nan ba ɗigo.
Na kasa barci,
kunnena yana ta zuwa kicin yana dawowa.